Yadda Ake Duba Gida a Zariya Kafin a Biya Kuɗi

Ba a cinikin biri a sama, balle gidan da mutum zai zuba tarin guminsa a ciki. Mai sayarwa ya san inda gidansa ke ɗiga, dillali ya san inda zai tsayar da kai da inda zai wuce da kai da sauri, kai kaɗai ne baƙo a wurin. Shi ya sa duba gida yake buƙatar tsari, kuma tsarin yana farawa ne daga ƙasa da ruwa. A Zariya yawancin abin da ke lalata gini, daga bangon da ya tsage har katakon da ya ruɓe, in ka bi sawunsa za ka tarar ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba.

Aibin gida iri biyu ne. Akwai wanda kuɗi ke gyarawa, kamar kwanon da ya yi tsatsa ko wayar wuta da ta tsufa, wannan abin ciniki ne, a rage maka farashi ka gyara. Akwai kuma wanda ba ya gyaruwa sai an rushe ko an shiga kotu: filin da ke nutsewa, tushen da ya zauna, takardar da ke da rikici. Duk dubawar da za ka yi, wannan rarrabewar kake nema.

Lokacin zuwa da abin da za ka riƙa

In da hali, ka ga gidan a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama a Zariya, kuma ka je da safe bayan an kwana ana ruwa. Gidan da aka nuna maka a watan Janairu cikin hunturu, ƙasa a bushe, bango a bushe, bai gaya maka komai ba tukuna. In ciniki ya kama a rani, dole ka dogara da alamun da damina ta bari, za mu zo kansu.

Ka riƙa tocila mai haske sosai, tef na awo, ƙusa mai inci 4, ƙaramar guduma, sukundireba, fensir, bokiti, da cajar waya don gwada soket. Ka nemi tsani tun kafin ranar, domin "babu tsani" shi ne uzurin da ya fi hana mutane leƙa cikin silin. Ka tafi da magini naka, wanda kai ka biya shi kuɗin yininsa, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ba wanda ke sa ran samun kwangilar gyaran ba. In gidan bene ne ko an yi masa dakin, wato rufin kankare, magini kaɗai bai isa ba, sai injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Wannan ba wuyar samu yake a garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli ba, kuma abin da za ka ba shi bai kai kuɗin gyaran bango ɗaya ba.

Fara daga layi, kada ka fara daga falo

Ka tsaya a bakin ƙofa ka dubi hanya. Daɓen cikin gida ya fi hanya tudu, ko hanya ce ta fi shi? A tsofaffin unguwanni irin su Tudun Wada da Sabon Gari, an yi ta ciko ana ɗaga hanya shekara da shekaru, har wasu gidaje suka koma rami. In ka ga an gina ɗan dakali mai bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofar gida ko ƙofar ɗaki, wanda sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake, ba ado ba ne, ruwa ake tarewa. Daɓen ɗaki ya kamata ya ɗara ƙasar waje da aƙalla inci 6, in ya kai ƙafa ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Bi kwatar layin da ƙafa har ka ga inda take zubewa. Kwatar da ta ƙare a bayan gidan wani, ko ta toshe da leda da yashi, a damina cikin gidaje take komawa. Dubi bangon maƙwabta: ambaliya tana barin layi miƙaƙƙe mai launin ƙasa a jikin bango. Mai sayarwa zai iya shafe nasa da fenti, amma ba zai fente na layin gaba ɗaya ba.

Sai tarihin filin, wanda ya fi komai muhimmanci. Cikin birni da kewayensa cike suke da kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini tun zamanin kakanni. Da yawa an cike su da shara da ɓaraguzai an yi gini a kai. Shara tana ruɓewa tana zama a hankali, gini yana bin ta, kuma babu filasta da ke tsayar da wannan. Haka filayen da ke gefen Kubanni da ƙoramun da ke zuba cikinsa, da fadamun da ke wajen Galma: a rani ƙasa ce mai kyan gani, a damina ruwa na tsatsowa daga ƙarƙashi. Baƙar ƙasa mai laka da ke darewa a rani tana kumbura in ta sha ruwa, tana ɗaga tushe tana sauke shi duk shekara. Jar ƙasa mai tsakuwa da marmara ita ce mai riƙe gini.

Wannan labarin ba ya cikin takarda, yana bakin dattawan unguwa. Ka dawo kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka sami dattijon da ya daɗe a layin bayan sallar la'asar. Bayan gaisuwa ka ce, "Baba, don Allah kafin a yi ginin nan mene ne a wurin?" Ka kuma tambaya, "In an yi ruwa mai yawa, ta ina yake bi?" Ka tambayi mutum biyu ko uku daban-daban. Mai shago da mai sayar da ruwa a kura sun san gidan da ake kwashe ruwa da bokiti duk damina.

Kafin ka bar waje ka ɗaga kai. Babbar wayar wuta mai ƙarfin 11kV ko 33kV tana buƙatar tazarar mita 5.5 ta kowane gefe, mai 132kV mita 15, mai 330kV mita 25. A babbar hanyar gwamnatin tarayya, irin ta Kaduna zuwa Kano, mita 45.72 daga tsakiyar titi hurumin hanya ne. Haka gefen layin dogo da filayen makarantu da na hukumomi. Rusau ɗin da aka yi a unguwar Graceland a 2021, kan filin da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta ce nata ne, ya shafi gidaje da aka kashe musu kuɗi masu yawa. In ka ga jan fenti na hukuma a bango, ko alamar an shafe shi, ka dakata har ka ji dalili daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna.

Gindin bango

Zagaya gidan ta waje, a hankali, idonka a ƙafa uku na farko daga ƙasa. Abin da kake nema: fenti da ya kumbura yana ɓarewa, filasta da ke zubewa kamar gari, farin abu mai kama da kanwa, da gansakuka. Duk alamun damshi ne da ke hawowa daga ƙasa. Dalilinsa yawanci shi ne ba a shimfiɗa leda ko kankaren da ke raba tushe da bango ba, wanda magina ke kira jaman fulo, ko an yi ciko a waje har ƙasa ta haura shi. Damshin yakan tsaya wajen mita ɗaya, shi ya sa za ka ga layinsa a tsayi ɗaya a kewayen ɗaki.

Hanyoyin ɓoye shi sanannu ne. Sabon fenti mai mai a rabin bango na ƙasa, tayil da aka manna a bangon falo ko na waje zuwa ƙugu, kabad ko kujera da aka jingina a kusurwa. Ka sa a janye kayan. Ka ɗora tafin hannu a bango ƙasa da sama, in na ƙasa ya fi sanyi akwai ruwa a ciki. Ka shiga ɗakin da ya kwana a rufe ka shaƙa, warin damshi ba ya ɓuya, kuma turaren wuta da yawa a gidan da babu kowa abin lura ne. In an ba ka dama, manna leda mai faɗin ƙafa ɗaya a bango da salatif ta kowane gefe, ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. Raɓa a cikin ledar na nufin bango na fitar da ruwa.

Dubi inda ruwan kwano ke sauka. In yana zuba kai tsaye a gindin bango, babu daɓen siminti da zai kore shi, shekara kaɗan ya isa ya zaizaye ƙasar da tushe ke zaune a kai. Dalbejiya, mangwaro ko turare da ke ƙasa da mita 3 daga bango suna tura saiwa ƙarƙashin tushe da cikin sokawe. Katanga kuma ka tsaya a ƙarshenta ka hango tsawonta da ido ɗaya, in ta yi ciki ko ta karkata, sabon gini ne ke jiranka.

Karanta tsagewa

Ba kowace tsagewa ce abin tsoro ba, kuma nan ne mutane ke yin kuskure ta fuska biyu: wani ya gudu daga gida mai kyau saboda zanen filasta, wani ya sayi gidan da ke rabuwa biyu saboda an ce masa "filasta ce kawai".

Tsagewa sirara kamar gashi, mai rassa ko'ina kamar taswira, ta filasta ce. Ta bushe da sauri ne, ko yashin ya yi laushi da yawa, abin da ke yawan faruwa ga aikin da aka yi cikin hunturu ba a ba shi ruwa ba. Gyaranta shafe da fenti.

Wadda za ka tsaya a kanta ita ce mai tafiya a karkace, musamman daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai hawa kamar matakala tana bin layin bulo. Wannan na nuna wani sashe na tushe ya zauna fiye da wani. Ka gwada faɗinta: in tsinken ashana ya shiga, ta kai wajen milimita 2, a sa ido. In fensir ya shiga, ta wuce milimita 5, wannan maganar injiniya ce. Sai ka duba abu uku. Shin ta fito ta ɗaya gefen bangon a daidai wurin? In haka ne bulon ne ya rabu, ba filasta ba. Shin ta fi faɗi a sama ko a ƙasa? Mai faɗi a sama tana nuna kusurwar ginin ce ke sauka tana janyewa. Shin ta ci gaba har cikin daɓe? In tsagewar bango ta haɗu da ta daɓe, ƙasar da ke ƙarƙashi ce ke motsi.

Tsagewa a kwance a saman taga ko ƙofa yawanci daga lintal take, wato kankaren da ke saman ƙofa da taga, ko rodin ya yi kaɗan, ko an sa lintal a kan ƙofa da taga kawai maimakon a ɗaure ginin da shi gaba ɗaya. Tsagewa a tsaye inda ɗaki ya haɗu da ɗaki tana nuna an ƙara gini daga baya ba a sarƙe bulon da na farko ba, abin da ya yi yawa a gidajen haya na Samaru da Kongo inda ake ƙara ɗakuna don ɗalibai.

Abu mafi amfani shi ne sanin ko tsagewar ta tsaya ko tana ci gaba. Ja layin fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta a wuri biyu, ka dawo bayan mako uku ko huɗu. In ta wuce layin, ginin yana tafiya. Tsagewar da aka toshe da sabon siminti ta sake buɗewa ta riga ta ba ka amsa. Haska tocila a kwance a jikin bango, daf da shi, duk inda aka yi faci zai fito ko an yi fenti.

Ƙofofi ma shaidu ne. Buɗe kowace ƙofa da taga ka rufe. Ƙofar da ke cijewa a sama ta gefe ɗaya, ko wadda aka fere ƙasanta, ko firam da ya rabu da bango, in suna kusa da tsagewa, labari ɗaya suke bayarwa.

Ƙarfin bulo

Nemi inda ba a yi filasta ba: bayan gida, cikin silin, saman katanga. Karta bulon da ƙusa. Bulo mai kyau zai bar zane kawai, marar kyau zai zubo da yashi, har ka iya huda shi da hannu. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 mai inci 9 ba, amma masu neman riba suna kai shi 50. Auna kaurin bango a bakin taga: bulo mai inci 9 da filasta zai ba ka wajen inci 10, mai inci 6 wajen inci 7. Gida mai hawa ɗaya na iya zama da inci 6 in aikin na da kyau, amma in kana da niyyar ɗora bene wata rana, ka cire wannan daga ranka har sai injiniya ya haƙa gefen tushe ya gani. Ƙwanƙwasa filasta da ƙotar sukundireba, inda ya yi ƙarar fanko ya saki bulo.

Rufi

Ka hau ka leƙa cikin silin da rana, ka kashe tocila tukuna. Duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Sannan ka kunna ka dubi katako. Soka sukundireba a jikin rafta, musamman inda ya zauna a kan bango. In ya nutse, gara ko ruɓa ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Hanyar gara siririyar ƙasa ce da ke hawa bango ko katako, ka neme ta har a bayan firam ɗin ƙofa. Katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai yana da duhu, fari fat yana nufin ba a shafa komai ba.

Dubi yadda aka ɗaure rufin da ginin. Iskar farkon damina a watan Afrilu da Mayu ita ke yaye kwano a Zariya, kuma rufin da ke tafiya shi ne wanda aka aza katako a kan bulo aka buga ƙusa kawai. Ya kamata ka ga langalanga ko rodi ya fito daga cikin kankare ya naɗe katakon, a tazarar da ba ta wuce ƙafa huɗu ba. Daga waje, hango tsakiyar rufin: in ya lotsa, katakon ya yi ƙanƙanta ko an ba shi tazara da yawa don a rage kuɗi. Kwanon da ya yi ja a layin ƙusa da inda aka haɗa biyu ya kusa ƙarewa. Ƙirga shi da bandir, kowane bandir falle 20, don ka san abin da canji zai ci.

Rufin zamani da ake ɓoye kwano a bayan bango yana da kyan gani, amma duk ruwan yana taruwa a kwatar kankare da ke sama. Ganye ya toshe bututu, ruwa ya koma cikin bango. Sai an hau an duba kwatar da ido. A cikin ɗaki, zagayen tabo mai ruwan ƙasa a silin, ko falle ɗaya da ya fi sauran sabunta, yana nuna inda ake fama.

In dakin ne, tsaya a ƙarƙashinsa ka nemi tabon tsatsa, kankaren da ya ɓare har rodi ya fito, da tsagewa a jikin bim ko ginshiƙi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ke rufe da shi. Kaurin dakin na gida yawanci inci 6 ne, ana iya auna shi a bakin matakala. Ka tambaya ko tun farko bene aka tsara, ko daga baya aka ɗora. In daga baya ne, kada ka biya ko sisi sai injiniya ya rubuta maka ra'ayinsa ya sa hannu.

In gidan ƙasa ne

A cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, gidaje da yawa na tubali ne da aka yi wa rigar siminti. Ginin ƙasa ba aibi ba ne, ya fi bulo sanyi a bazara, kuma yana daɗewa in ana kula da shi. Matsalar ita ce siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga a sama, ya jiƙa tubali a ɓoye, waje yana nan sumul har ranar da bangon zai zube. Ƙwanƙwasa bangon tun daga ƙasa har inda hannunka ya kai, ka lura da inda ya kumbura. Dubi gindinsa ta gefen lungu, inda ruwan kwata da fitsari ke cin sa.

A ɗakin soro, soka wuƙa a ƙarshen azara inda ta shiga bango, nan take fara ruɓewa. Hau saman ka ga ko ruwa na kwanciya, ko indararo ya karye yana zubar da ruwa a jikin bango. Ka tantance bangon da kuka haɗa da maƙwabci na wane ne, domin ranar da za ka rushe ka sake gini wannan tambayar za ta taso. Tsagewa a ginin ƙasa cikin damina ba a ba ta lokaci. Mutanen Zazzau ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na ƙofar fada, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, kwana ɗaya bayan an lura da tsagewa a bangonsa. Allah ya jiƙansu.

Banɗaki, sokawe da ruwan sha

Zuba bokiti biyu a daɓen kowane banɗaki ka tsaya ka kalla. Ruwan ya nufi magudana ya wuce, kada ya kwanta a kusurwa ko ya nufo ƙofa. Dubi bayan bangon banɗakin ta ɗakin da ke maƙwabtaka da shi, bututun da ya fashe a cikin bango a nan yake nuna kansa. Kora masai, ka sa wani ya buɗe cemba, wato ƙaramin ramin da bututun masai ke bi, a waje ya ga ko ruwan ya iso da ƙarfi. In ya taso a cikin masai kafin ya sauka a hankali, ko bututu ya toshe ko sokawe ya cika. Tambayi yaushe aka kwashe shi. Sokawen da ake kwashewa duk damina yana cikin ƙasa mai ruwa ne, kuma haka zai ci gaba. Dubi murfinsa da kyau, kankaren da ya tsage a kan rami haɗari ne ga yara. A tsohon gida ka tambayi inda tsofaffin shadda suke, domin ɗakin da aka gina a kan shaddar da aka cike daɓensa yakan lotsa. Ka kuma lura da inda masai ya fuskanta saboda alƙibla, juya shi aiki ne na fasa daɓe.

Auna tazarar rijiya da sokawe ko shadda, har da na maƙwabta ta bayan katanga. Mita 15 shi ne mafi ƙaranci, 30 ya fi aminci. A rabin fili mai ƙafa 50 da 50 wannan da wuya ya samu, don haka ka ɗauki ruwan rijiyar a matsayin na wanki har sai an gwada shi. Zariya a kan dutse take zaune, shi ya sa burtsatse biyu a layi ɗaya za su iya bambanta, ɗaya na ambaliya ɗaya na tsiyaya. Kada ka yarda da buɗe famfo na minti ɗaya, wannan ruwan tanki ne. Sa a kunna injin ya yi awa guda, ka ga ko ruwan zai yanke ko ya koma ja. Tambayi maƙwabta halin rijiyoyinsu a watan Maris da Afrilu, da kuma ko ruwan famfo na gwamnati yana zuwa layin, sau nawa a mako.

Wuta

Kira mai gyaran wuta ya buɗe akwatin rarraba wuta da soket biyu ko uku. Wayar fitila milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da hita 4. Inda aka ja soket da 1.5, waya na zafi a cikin bango, kuma daga nan gobara ke tashi. Ya kankare bakin wayar ya gani ko jan ƙarfe ce zalla ko farin ƙarfe da aka yi wa rufi. Baƙin tabo a soket, warin roba, waya da aka haɗa da salatif a cikin silin ba bututu, duk suna nufin sabon wayarin. Ya nuna maka sandar da aka binne a ƙasa don kariya daga jan wuta, gidaje da yawa ba su da ita sam.

Ɗauki lambar mita ko tsohon bil ka je ofishin Kaduna Electric a duba maka. A aikace bashin wuta yakan bi gidan, kuma ko mita mai kati ce ana iya ɗora mata tsohon bashi a riƙa cira duk lokacin da ka sayi wuta. In an yi satar hanya an kewaye mita, tarar kan wanda aka samu a gidan za ta faɗa.

Ka sake zuwa sau ɗaya da dare. A lokacin za ka ji janareton maƙwabci ko injin niƙa, ka ga ƙarfin wutar layin lokacin da kowa ya kunna kaya, ka ga su wa ke zama a lungun.

Takardu

Tambaya ta farko: wanda ke sayarwa shi ne mai gidan? Sunan da ke takarda ya dace da katin shaidarsa, kuma ka zauna da shi ido da ido, ba da wakili kaɗai ba. In akwai takardar shaidar mallaka, wadda ake kira C of O, kai lambarta KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Jihar Kaduna, a yi bincike a rubuce: sunan wa ke kai, ko an jinginar da ita a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake mayar da irin wannan mallaka zuwa sunan wani, saboda haka ka sa kuɗin wannan a lissafinka. Nemi takardar izinin gini ta KASUPDA, ka gwada zanen da abin da ke ƙasa. Sa safiyo ya auna filin ya nemo duwatsun iyaka, domin katanga ba kullum take kan iyaka ba.

Gidaje da yawa a Zariya takardar ciniki kawai gare su, mai sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu. A nan sai ka bi silsilar: wa ya sayar wa wa, har zuwa mai filin farko, kuma ka je wurin mai unguwa da kanka ka ji daga bakinsa. Gidan gado ya fi kowanne buƙatar haƙuri. Nemi takardar rabon gado daga kotu, ka tabbatar kowane magaji ya yarda ya sa hannu, har da mata da ke gidan aure a wani gari, da wanda ke tsaye a kan rabon marayu. In kaso ɗaya kake saya daga gidan da ba a raba ba, ka sani sauran magada suna da haƙƙin shuf'a, za su iya mayar maka da kuɗinka su karɓe. In akwai 'yan haya, ka ga rasit ɗin kowa da ranar ƙarewar kuɗinsa, a rubuta wanda zai sallame su da kuma yaushe.

Lissafi kafin ciniki

Zauna da magininka ku rubuta kowane gyara da adadinsa: buhun siminti nawa, bandir nawa, katako nawa, naɗin waya nawa, tifar yashi nawa, da kuɗin aiki. Je kasuwa ka ji farashin ranar, ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari saboda abin da zai bayyana in an fara fasawa. Wannan takardar ita za ka ajiye a gaban mai gida, ka ce, "Alhaji, ga abin da muka gani, ga abin da zai ci," maimakon neman ragi da baki kawai. In abin da aka samu tushe ne mai motsi ko filin ciko, ka yi tayin kuɗin fili kawai, ka cire kuɗin rushewa, ko ka haƙura.

Kafin alƙalami kuma kada ya fita daga hannunka sai an rubuta cewa za a mayar maka da shi cikakke in binciken KADGIS ko rahoton injiniya ya nuna matsala, tare da adadin kwanakin da aka ba ka. A yanke la'adar dillali da wanda zai biya ta tun a wannan zaman. Sauran kuɗin ka tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, a gaban lauya da shaidu, a ranar da za a miƙa maka takardun asali da makullai.